Abin Da Aka Rubuta A Bayan Rigata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da 'yan layinmu za su yi mini alfarma su manta (ba za su yi ba), da Asabar ɗin da na bar surukina shi kaɗai a daji, na yi gaba da abincinsa da maganinsa a ƙirjina, ina tafe ina jin kaina shugaba. A lokacin ma bai zama surukina ba tukuna. Neman 'yarsa nake yi, kuma amsarsa nake jira.

Ni tela ne a Brik, unguwar Hausawa a Yawunde. Shagona na cikin layin teloli, inda hayaƙin masu soya, wato tsire, ke shigowa da yamma ya kama shaddar mutane in ba ka yi saurin rufe ta ba. Makarantar boko a CM1, aji biyar na firamare, muka rabu da ita, ba faɗa ba gaba, don haka Faransancina na shago ne. Na san longueur, na san manche da col da poche, wato tsawo da hannu da wuya da aljihu, na kuma iya kallon mace ido cikin ido in ce mata "revenez jeudi", wato ta dawo Alhamis, alhali ko yanka yadinta ban yi ba. Wannan ya ishe ni zaman duniya. Ciwona guda ne, ban iya cewa "ban gane ba". In aka zuba mini Faransanci mai tsawo sai in gyaɗa kai a hankali in ce "voilà", wato haka ne. Shekaru ina haka ba wanda ya kama ni.

Yarinyar sunanta Fadimatu. Mahaifinta Alhaji Hamadu mutumin Ngaundere ne, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, ya zauna can wajen unguwar Tsinga. Bafulatani ne na asali, mai kunya da ƙarancin magana. In na je gaishe shi sai in durƙusa a zaure, ya ce "Jam na?", in ce "Jam", ya kalli bango, ni ma in kalli tabarma, shi ke nan an gama hira. Wata bakwai da kawuna ya kai masa maganata, amsar da ya samo ita ce "za mu gani". Ga shi kuma Fadimatu ta tsegunta mini cewa gwaggonninta na ta ambaton wani ɗan'uwansu a Garwa mai aikin ofis da mota. Tun daga ranar zare ya daina shiga allura a hannuna sai na gwada sau uku.

Ana haka ta kira ni wata Laraba.

"Baba ya ce ka zo ranar Asabar ku tafi randonnée."

"Mu tafi ina?"

"Tafiyar ƙafa. Wadda likita ya sa shi saboda ciwon suga. Kai, shi da bakinsa fa ya ce a kira ka. Don Allah kar ka ba ni kunya."

Ashe wata ƙungiya ce ta masu tattaki, yawancinsu ma'aikata da 'yan fansho, da suke bin wata tsohuwar hanyar ƙafa da ta ratsa ƙauyuka ta yi arewa. An ce in mutum ya bi ta daga farko har ƙarshe sai ya yi makonni. Su kuwa yanki-yanki suke cinta, kowane wata su ɗauki na yini guda, mota ta ajiye su a wani ƙauye ta je ta jira su a wani. Da na ji an ce hanyar fatake ce ta da, sai kaina ya kumbura. Na ce wa Fadimatu ta kwantar da hankalinta, kakana falke ne, da ƙafa ya sauko da kanwa daga Kano ya koma da goro, tafiya a jininmu take. (Mai wannan magana fa, daga shago zuwa kasuwar Mokolo benskin yake hawa, wato babur ɗin haya, kuma in mai babur ya sauke shi nesa da ƙofa sai ya yi mita.)

Tunda gaban suruki za ni, na yi shiri na mutunci. Na ɗinka wa kaina sabuwar gandura ta farar shadda, na sa hula, na ciro takalmina sau-ciki mai tsinin baki wanda nake ajiyewa don Sallah. Da na isa inda motar ke jira da sassafe, sai na tarar da mutum wajen ashirin kowa cikin kayan wasanni da kambas, da hular rana, da sanda. Alhaji Hamadu da kansa, wanda ban taɓa ganin idon sawunsa ba, yana cikin wando mai roba a ƙafa. Ya dubi takalmina, ya dubi sama. Na ɗauka burge shi na yi.

Bayan tafiyar awa ɗaya da wani abu motar ta ajiye mu a wani ƙauye, gefen wata 'yar majami'a ta jan bulo. Shugabar tafiyar, wata nas mai suna Madam Ngono, ta tara mu ta fara bayani. Ta yi magana ta kai minti goma, da sauri, tana nuni da hannu. Cikin duka abin da ta faɗa, kalma uku na cafke, rouge et blanc, ja da fari, fentin da aka shafa a bishiyoyi da duwatsu don nuna hanya. Sauran na gyaɗa kai.

Da ta gama sai ta dubi Alhaji, ta nuna ni da haɓa. "C'est lui?" Wato shi ne wannan? Alhaji ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa. Ta ciro wata 'yar shara mai ruwan lemo irin ta masu aikin titi, ta zagayo ta bayana ta zura mini ita a kan gandurata, ta rataya mini usur a wuya, ta dafa kafaɗata.

"Toi, tu es notre serre-file."

Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne chef de file. Wannan na san shi, ina jin sa a rediyo lokacin siyasa, shi ne jagora, na gaban kowa. Murna ta kama ni. Wato Alhaji ya faɗa musu jikan falke ne ya zo.

"Tu as compris?" in ji ta, wato ko na gane.

Na ce, "Voilà."

Alhaji ya matso, ya cire jakar da ke bayansa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. "Riƙe." Kalma ɗaya, amma ita ce mafi tsawon maganar da ya taɓa yi mini bayan gaisuwa. Na goya jakar ta gaba a ƙirji, don kada ta ɓata mini kwalliyar riga ta baya. (Ka riƙe wannan, za ka ga amfaninsa.)

Daga nan Madam ta tafa hannu ta ce a motsa jiki kafin a tashi. Aka yi da'ira, maza da mata, kowa ya riƙe ƙugu ya fara juya shi. Na ɗago kai sai ga Alhaji Hamadu, mahaifin Fadimatu, mai furfura, hannu a kwankwaso yana juyi a hankali, dama, hagu. Inna lillahi. Ba zan iya kallonsa ba, ba kuma zan iya juya nawa a gabansa ba. Na rasa inda zan sa idona. Sai dabara ta zo mini, ai jagora ba ya tsayawa rawa, gaba yake yi ya duba wa jama'a hanya. Na ja da baya a hankali, na zagaya bayan majami'ar, na ga fenti ja da fari a jikin wata bishiyar mangwaro, na yi bismilla na kama hanya. Ba wanda ya ga fitata.

Gaskiya awar farko ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Hanyar jar ƙasa ce siririya, ta bi ta cikin gonakin koko masu inuwa, ta fita cikin ayaba da rogo, ta gangara wani rafi da aka gitta wa gungume. Ni ɗan Brik, tun da aka haife ni kunnena bai taɓa hutawa daga ƙarar keke da janareta da hon ba, sai ga ni a inda nake jin faɗuwar ganye. Na hau wani tudu na waiga, ga duwatsun Yawunde can nesa cikin hazo. Na ce lallai kakana ya more. Duk taku ɗari zuwa ɗari biyu sai in ga fentin nan, layi ja a ƙarƙashin layi fari, in ƙara sauri don Alhaji ya ji labarin cewa yaron nan ba a cim masa. Har reshe nake janyewa daga hanya saboda mutanena.

Abu ɗaya ne ya fara ɗaure mini kai, ba na jin motsin kowa a bayana. Na tsaya na saurara, shiru. Na ciro waya, babu rezo, wato sabis. Na ce to, 'yan ofis ne, ga tsofaffi, dole su yi nawa.

Sai na iso inda hanya ta rabu biyu. Ta dama ƙarama ce, ta gangara cikin ciyawa kamar ba ta son a gan ta. Ta hagu kuwa faffaɗa, kuma a jikin wata ƙatuwar bishiya a bakinta an zana fenti ja da fari, amma wannan karon a gicciye, kamar X. Ban yi ko minti ɗaya ina tunani ba. A shago, in na sa X da alli a jikin riga, nan ne maɓalli zai zauna. A ofis, in suka sa maka X a takarda, nan ne za ka sa hannu. Duk rayuwata X na nufin "nan ne". Har na yaba wa mai fentin da ya yi shi babba don kada tsofaffi su ɓata. Na bi hagu.

Na yi tafiya mai nisa ban sake ganin fenti ba. Na ce ƙila ya ƙare musu. Takalmina ya fara cin dunduniyata, farar shaddata ta koma ja daga gwiwa zuwa ƙasa, na kuma taka layin kwarkwasa ban sani ba sai da suka kai cinya. Irin rawar da na gudu kada in yi a gaban Alhaji, sai da na yi wadda ta fi ta a gaban bishiyoyi. Da na samu kaina na zauna a kan wani dutse in jira jama'ata. Na busa usur. Wani kare ya amsa daga nesa. Na sake busawa, karnuka biyu suka amsa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya yunwa ta taso mini, don ban karya ba saboda ɗoki. Na buɗe jakar Alhaji (a raina na ce dubawa kawai zan yi). Ga gorar ruwa biyu, cokali biyu, ƙullin dabino, 'yan ƙwayoyin magani a takarda, da robar abinci biyu, wake da dafaffiyar ayaba. A murfin ɗaya an rubuta "Baba", a ɗayan "Tela", da rubutun Fadimatu. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yarinyar nan tana sona. Mai hankali da ya tambayi kansa me ya sa aka haɗa abincin mutum biyu a jaka ɗaya, aka kuma ba shi. Ni ban tambaya ba. Na cinye nawa tas. Sai na buɗe na Baba don in ji ko irin gishirin ɗaya ne, tunda an ce masu ciwo ba a cika musu. Cokali ɗaya bai isa a gane ba. Kafin in tabbatar, robar ta koma rabi.

Na tashi na ci gaba, kaina a ɗaure, ina ta lissafin yadda mutum ashirin za su ɓata gaba ɗaya su bar jagoransu. Har haushinsu na fara ji. Can sai hanya ta buɗe, na faɗo wani ƙaramin ƙauye, gidaje ba su fi goma ba, mata na shanya koko a kan tabarmi. Suna ganin 'yar sharar nan mai ruwan lemo da usur sai ɗaya ta ƙwala kira da Ewondo, yaren da ban san ko "zo" a cikinsa ba. Kafin in ankara an kawo kujera, an zaunar da ni, an ajiye mini bobolo, curin rogo da ake dafawa a ganye, da gasasshen ɗan itacen safu a faranti. Na ce ashe haka ake karɓar jagora a nan.

Wani dattijo mai tabarau ya fito yana ɓalla maɓallin rigarsa, daga baya na ji tsohon malamin makaranta ne. Ya miƙo mini hannu biyu.

"Monsieur, c'est pour la route?"

Route dai hanya ce, ni kuwa tun safe a kan maganar hanya nake. Na ce, "Voilà."

Ya juya ya faɗa wa matan wani abu, wuri ya kaure da tafi. Ya shiga yi mini dogon bayani yana nuna wani kwari a bayan gari, na tsinci "pont", gada, na tsinci "camion", babbar mota, na tsinci shekara nawa-nawa. Ina ta gyaɗa kai. Sai ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni yaushe. "Quand?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya saba. Duk wanda ya tambayi tela "yaushe", amsa ɗaya ce.

"Jeudi."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa irin tasu. A nan ne jikina ya fara ba ni cewa akwai abin da ba daidai ba, amma ban san ta ina zan fita ba. Dattijon ya ce in zo ya nuna mini gadar da ta karye, ya matsa gefe don girmamawa in wuce gaba. Na wuce. Taku uku na yi na ji ya tsaya a bayana.

"Serre-file?" Ya karanta shi a hankali, irin karatun malami.

Na juyo na gyara masa cikin ladabi. "Chef de file."

Ya sa hannu ya zare mini 'yar sharar, ya juya ta, ya ɗaga mini a gaban ido. Ga shi nan da manyan baƙaƙe, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, SERRE-FILE. Tun safe nake yawo da shi a gadon bayana. Ya tambaye ni ko tare nake da masu tafiyar nan da ke bin fenti. Na ce eh. Ya cire tabaransa ya goge. Da ya ga Faransancin ba ya shiga, sai ya haɗa da 'yar Hausar da ya tsinta a Mokolo.

"Kai ba gaba. Kai baya. Baya-baya, dernier. Tsoho ya gaji, kai tsaya. Mutum ya faɗi, kai ɗauka." Ya gicciya yatsunsa biyu ya yi X. "Wannan, pas par ici. Ba hanya."

Na dubi jakar da ke ƙirjina. Ruwa biyu, cokali biyu, magani, dabino. Tsoho ya gaji, kai tsaya. Tsohon da ya fi kowa nawa a tafiyar nan na san shi, kuma duk abin da zai ci yana wuyana. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. A lokacin na manta da aure, roƙona kawai Allah ya sa in same shi da rai.

Na fizgi 'yar sharar na juya da gudu. Dattijon ya biyo ni da murya, "Donc jeudi, il n'y a rien?" Wato Alhamis ɗin babu komai ke nan? Ban iya waigowa ba. Na cire takalman na riƙe a hannu, na tattare gandura har cinya, na yi ta gudu ƙafa ba takalmi a kan tsakuwa, ina salati ina haki.

A gindin bishiyar nan mai X na same shi. Yana zaune a kan saiwa, ya jingina kai da sandarsa, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na karkarwa. Daga baya na ji yadda aka yi. Da aka gama motsa jiki ba a gan ni ba, shi ya ce wa Madam su tafi, ƙila na zaga ne, zai jira ni mu biyo baya. Su kuma suka tafi hankali kwance, tunda tsoho na tare da serre-file. Ya jira ni kusan awa guda, har wata mata ta ce masa mai rigar lemo ai ya daɗe da wucewa. Ya biyo shi kaɗai, ba ruwa ba abinci, ga maganin safe na aiki a jikinsa. Da ya iso mararrabar ya ga sawun kambas duk sun yi dama, sawu ɗaya mai tsinin baki ya yi hagu. A nan ƙarfinsa ya ƙare.

Na zube a gabansa. "Baba, don Allah..."

Ya miƙo hannu. "Dabino."

Na kwance ƙullin na miƙa masa. Ya ci uku, ya sha ruwa, ya rufe ido. Na fi minti goma ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Da ya dawo hayyacinsa ya jawo robar da aka rubuta "Baba", ya buɗe. Ya daɗe yana kallon rabin waken nan, da sawun cokali a ciki.

"Ya yi daɗi?"

"Baba, ɗanɗanawa na yi."

"To."

Ya juya mini baya ya ci, don ko a wannan hali ba zai ci abinci ina kallo ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Muka gangara ta hanyar dama, muka yi alwala a wani rafi, ya ja mu Azahar. Na tsaya a damansa, ɗan baya kaɗan, karo na farko ke nan a ranar da na tsaya a inda aka ajiye ni. Sauran tafiyar kuwa abin kunya ne daga farko har ƙarshe. Ƙafafuna sun yi ƙulu-ƙulu sun fashe, takalmi ya ƙi shiga. Alhaji ya karɓi jakarsa ya goya, ya ba ni sandarsa. Sai ya yi gaba kaɗan, ya tsaya a gindin fenti ya jira ni, ya nuna da yatsa. "Ja da fari a kwance, bi." In muka zo wani X ya ce, "Wannan, bari."

Muna cikin wata gonar koko, yana gaba ina baya, sai ya fara magana yana kallon hanya.

"A gida ba zan iya magana da kai ba. Akwai kunya. A hanya kowa gabansa yake kallo. Ni ne kullum na ƙarshe a tafiyar nan, shi ya sa na ce wa Madam ta ba ka baya."

Na ci gaba da dogara sanda a bayansa.

"Na shirya tambayoyi da yawa," in ji shi. "Yanzu saura ɗaya. Da ba ka gane ba, me ya hana ka ce ba ka gane ba?"

"Kunya, Baba."

"Kunya." Ya maimaita kalmar kamar yana auna ta. Muka ƙara tafiya. Can sai ya tsaya, har yanzu bai juyo ba, ya saki wata doguwar magana da Faransanci, irin na tsofaffin ma'aikata mai lanƙwasa da yawa. Ban kama ko kalma ɗaya da zan rataya a kai ba. Ya ce, "Ka gane?"

Leɓena ya riga ya tattaru. "Voi..." ta fito har rabi. Na haɗiye ta da ƙyar.

"Ban gane ba, Baba."

"Yawwa," in ji shi, ya ci gaba da tafiya. Bai fassara ba. Na bi shi ina ɗingishi ina tunanin ko korata ya yi cikin mutunci.

Bayan La'asar muka iso ƙauyen da mota ke jira. Sun yi awa biyu a wurin, Madam Ngono har ta ɗaura jakar magani za ta komo neman mu da mutum biyu. Ka yi tunanin abin da suka gani. Tsoho mai ciwon suga a gaba, jaka a bayansa, yana tafe daram. Bayansa matashin da aka ba amanarsa, gandura ja-ja, hula a karkace, takalmi a hannu ɗaya, sandar tsohon a ɗaya hannun. Madam ta tare ni a tsakiyar fili, a gaban kowa, ta ɗaga murya tana tambayar inda na shiga tun safe. Kafin in buɗe baki, Alhaji ya sauke jakarsa a hankali ya amsa mata.

"Il était devant."

Wato yana gaba. Kowa ya shiga ƙoƙarin gane yadda na ƙarshe zai kasance a gaba. Wani mai shago a unguwar Messa, wanda nake yi wa ɗinki, shi ya fara ganowa, ya ce da ƙarfi, "Kai, chef de file ya ji!" Dariyar da aka yi, har direba sai da ya sauko daga mota ya riƙe ciki. Madam ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta hana ta. Ita ta wanke mini ƙafa ta naɗe, tana yi tana share hawaye.

Da za mu shiga mota na tsaya a baya, tunda yanzu na san aikina. Alhaji na gabana, ƙafarsa ɗaya a kan matakala. Ya tsaya yana kallon cikin motar, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Abin da na ce ɗazu, ka turo magabatanka ranar Juma'a." Ya hau matakalar. "Amma kada kai ka nuna musu hanya."

Yau shekararmu uku da Fadimatu. Labarin ya riga ni isa Brik, ban da na Alhamis ɗin ƙauyen nan, wanda ni na faɗa mata bisa amana, ita kuma ta faɗa wa mahaifiyarta bisa amana. A layinmu ba wanda ke kirana da sunana, Serfil ake ce mini, har masu kawo ɗinki daga Tsinga haka suke tambaya. Duk wata ina bin Alhaji tattaki, da kambas, a can ƙarshen layi, kuma a nan muke duk wata hirar da ba ta yiwuwa a zaure.

Abin da na koya bai da yawa. Na yi shekaru ina auna bayan mutane da tef, ban taɓa tunanin in duba abin da aka manna a nawa ba. Yanzu ko riga aka ba ni kyauta sai na juya bayanta na karanta, in ban gane ba in ce ban gane ba. Alhamis kuwa na daina yi wa kowa alkawarinta, sai in na riga na yanka yadin.